Yadda Ake Zaɓen Tsofaffin Gidajen Abinci a Istanbul

Wanda ya sauka Istanbul, ko sarin kaya ya kai shi Laleli ko asibiti ko karatu, zai ga kalmomi biyu suna ta maimaituwa a allunan gidajen abinci: "tarihi" da "meşhur". Ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Ta farko ita ce tarihin da muka sani, ta biyu kuma mashahuri ce, duka daga Larabci suka shiga harsunanmu. Matsalar ita ce kowa yana iya rubuta su. Mai shagon da ya buɗe bara zai iya sa a zana masa "tarihi" da manyan baƙaƙe, ya rataya hotunan da ba na gidansa ba. Don haka shekarar da ke jikin allo tambaya ce da za ka bi diddiginta, ba hujja ba ce. Abin da ake nema shi ne gidan da tukunyarsa ba ta sauka daga murhu ba tun wancan lokaci, kuma har yau 'yan gari suna ci a cikinsa.

Kafin a yi nisa, ga mabuɗin karanta sunayen, don za ka buƙace shi wajen tambayar hanya. Harafin c na Turkanci j ne a wurinmu, ç kuma shi ne c ɗinmu, ş kuwa sh. Saboda haka Hacı ana furta shi Haji, wato Alhaji.

Shekarar ta wa ce?

Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ita ta fi tace gidajen. Shekara ɗaya a allo tana iya nufin abu huɗu daban: shekarar da aka fara sana'ar, shekarar da aka fara amfani da sunan, shekarar da aka shiga ginin, ko shekarar da kakan gidan ya fara girki a wani gari can daban.

Ɗauki Hacı Abdullah da ke Beyoğlu. Allonsa yana cewa 1888, kuma gidan yana danganta asalinsa da wani wurin abinci da aka buɗe a bakin tashar jiragen ruwa ta Karaköy a zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu. Amma ginin da yake ciki yanzu, kusa da masallacin Ağa a gefen titin İstiklal, a 1958 aka shige shi, sunan Hacı Abdullah ma sai a 1983 ya tabbata. Kafin nan an san gidan da Hacı Salih. Wannan bai rage masa komai ba, domin gadon gidan ba daga uba zuwa ɗa yake tafiya ba, daga gwani ne zuwa yaron da ya koya a hannunsa. Abin da ya ɗore shi ne hannun girkin. Duk wanda ya san yadda sana'ar tukuba ko ƙira take wucewa daga maigida zuwa yaronsa zai gane darajar wannan.

Develi misali ne na wani iri. Shekararsa 1912, amma a Gaziantep, can kudu maso gabashin Turkiyya, aka fara. Zuwansa unguwar Samatya ta Istanbul a 1966 ne. Shi kuwa Pandeli, wanda ke saman ƙofar kasuwar kayan ƙamshi ta Mısır Çarşısı a Eminönü, yana lissafi daga 1901, lokacin da Pandeli Çobanoğlu, Bagirke ɗan yankin Niğde, ya fara sayar da abinci. An lalata masa shago a tarzomar 6 da 7 ga Satumba 1955 da aka yi wa Girkawan birnin, bayan haka ne ya koma wannan bene mai shuɗin tayil. An rufe gidan a 2016, aka sake buɗewa a 2018 a hannun wasu masu gudanarwa. Ɗakin na da ne, wasu girke-girken na da ne, amma igiyar ta taɓa tsinkewa an ɗaura. Ya kamata ka san haka kafin ka hau matattakalar, don ka san abin da kake biya.

Akwai wata 'yar dabara ta duba bango. Turkiyya ta bar rubutun Larabci ta koma baƙaƙen Latin a 1928. Duk gidan da ya ce ya girmi wannan shekara, takardunsa na farko, lasisi ne ko rasit ko hoton tsohon allo, da rubutun Usmaniyya, wato na tsohuwar daular Turkawa, za su kasance, mai kama da ajaminmu. In bangon cike yake da hotunan 'yan fim da 'yan ƙwallo na kwanan nan kaɗai, babu ko takarda ɗaya tsohuwa, babu hoton wanda ya kafa gidan, to ka rage yarda da shekarar.

Kama da wane ba ta wane

A nan baƙi suka fi faɗawa. Da zarar gida ya yi suna, maƙwabta sai su ɗauki sunan su ƙara masa kalma ɗaya ko su rage.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne Sultanahmet. Gidan köfte na asali, wato dunƙulen niƙaƙƙen nama da ake gasawa a kan gawayi, cikakken sunansa Tarihi Sultanahmet Köftecisi Selim Usta, an kafa shi a 1920, yana kan titin Divanyolu lamba 12, dab da tashar taragon T1 (jirgin da ke bin titin cikin gari) ta Sultanahmet, kuma yana hannun iyalin Tezçakın. A wannan layi da kewayensa akwai shaguna masu sunaye da suka kusa zama ɗaya da nasa. Ka nemi abu uku tare: shekarar 1920, kalmomin "Selim Usta", da lambar ƙofa. In ɗaya ya ɓace, ba nan ba ne.

Haka Güllüoğlu, masu baklava, wani kayan zaƙi na siraran fallayen fulawa da ruwan sukari. Sunan na babban dangi ne 'yan Gaziantep, kuma rassan dangin daban-daban suna da shagunansu da wannan suna. Wanda Mustafa Güllü ya buɗe a Karaköy a 1949 shi ake kira Karaköy Güllüoğlu. Sauran ba jabu ba ne, 'yan uwa ne, amma kowa da madafarsa. In na Karaköy aka kwatanta maka, to Karaköy za ka je.

A gaban masallacin Süleymaniye, wanda babban magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, akwai jerin gidajen wake a ƙarƙashin tsofaffin gine-ginen makarantun masallacin, teburansu har suna haɗuwa. Erzincanlı Ali Baba shi ke ɗauke da shekarar 1924. Tun da kujerun waje a manne suke, mutum yakan zauna a teburin maƙwabci bai sani ba. Ka duba sunan da ke jikin takardar jerin abinci ko rigar mai kawo abinci, kada ka tsaya ga allon sama kawai.

Wata kalma da za ta taimaka: "şubemiz yoktur", ma'ana ba mu da reshe. Gidajen da aka dame su da kwaikwayo sukan liƙa ta a ƙofa. Yawan rassa ba laifi ba ne, amma yana sauya abu. Hafız Mustafa, mai kayan zaƙi da ke lissafi daga 1864, ya sauya hannu kuma yanzu yana da rassa da yawa a birnin har da Dubai da Landan. Za ka sha shayi ka ci abu mai kyau, sai dai abin da za ka samu a nan kana iya samunsa a wani wuri. Tsohon shagon Hacı Bekir na Bahçekapı a Eminönü, inda ake yin alewar lokum tun 1777, shi ya fi cancantar a taka a je a gani, ko da kwata kilo za ka saya.

Duba waɗanda ke ci, da ƙarfe nawa suke ci

Ka je bakin gidan tsakanin sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi na rana, a ranar aiki, ka tsaya minti biyar. In ka ga 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis da dattawa masu zuwa su kaɗai, waɗanda ba sa buɗe takardar jerin abinci sai dai su faɗi abin da suke so, gidan yana raye. Irin waɗannan ba sa yafe wa mai girki in hannunsa ya sauya. In kuwa kowa riƙe yake da taswira da kyamara, an tsayar da mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa da harsuna biyar, ka wuce. Tsohon gida mai mutunci ba ya jan rigar kowa a titi.

Lokacin yana da dalili. Yawancin waɗannan gidaje irin "lokanta" ne, musamman "esnaf lokantası", wato gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Da asuba ake ɗora tukwane, a jera su a bayan gilashi wajen sha ɗaya da rabi, ana zubawa har su ƙare. Da rana tsaka abincin yana kan ganiyarsa. Wanda ya zo ƙarfe takwas na dare zai tarar da mai ya taso sama, shinkafa ta bushe a gefen faranti, mafi kyawun girkin kuma ya ƙare tun azahar, sai ya tafi yana cewa an yabi gidan a banza. Ba gidan ya gaza ba, lokacin ne bai dace ba. Gashi kuwa, köfte ko kebab, a take ake yi, don haka shi za ka bar wa dare.

Kowane gida da abin da ya tsayar da shi

Gida ba ya shekara ɗari don ya iya komai. Abu ɗaya ko biyu ne suka riƙe shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a je gidan wake a nemi kifi.

A Selim Usta jerin abincin gajere ne ƙwarai, kuma wannan alama ce mai kyau. Ka nemi faranti ɗaya na köfte, da piyaz, wato kwaɗon farin wake da albasa da man zaitun da ruwan kal, sai ka rufe da irmik helvası, alewar tsakin alkama da man shanu. Naman ba a cika masa kayan ƙamshi ba, ɗanɗanon gawayi da kitse ake nema. A Süleymaniye abin da ake zuwa ci shi ne kuru fasulye da pilav: farin wake da aka dafa da man shanu da tumatir har ya yi laushi bai fashe ba, a ci da shinkafa. Wake da shinkafa ne dai, ta wata hanyar, kuma shi ne abincin da zai fi saurin shiga bakin wanda ya gaji da baƙon ɗanɗano. Ka gwada ƙwaya ɗaya tsakanin harshe da ganda: in ta narke ba tare da ɓawon ya rabu ba, mai girkin ya san aikinsa.

Hacı Abdullah gidan girkin Usmaniyya ne. Abin nema a nan hünkâr beğendi, ma'anar sunan "sarki ya yaba": naman rago da aka dafa ya yi lugub, a ɗora kan yalo irin dogon nan baƙi da aka ƙona a wuta aka kirɓa da madara da man shanu da cuku. Ƙamshin hayaƙi a cikin yalon shi ne ma'aunin. In babu shi, dafa yalon aka yi, ba gasawa ba. Manyan kwalaben da za ka gani jere a shiga na 'ya'yan itace ne da aka dafa da sukari, komposto, ana shan su da cokali tare da abinci. Gidan ba shi da arha, ka shiga da sanin haka.

A ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya akwai biyu da muke fifitawa a kan da yawa daga masu suna na ɓangaren Turai, saboda har yanzu unguwa suke ciyarwa. Kanaat na Üsküdar tun 1933 yake, iyalin Kargılı ne, kuma da kayan madara suka fara, shi ya sa ba a fita gidan ba a ci abin zaƙi ba. Ka nemi Özbek pilavı, shinkafa da nama da karas, in kuma lokacin sanyi ne ka ƙara da ayva tatlısı, wani ɗan itace mai kama da tuffa da ake dafawa da sukari har ya yi ja, a ɗora masa kirim mai kauri da suke kira kaymak. Na biyun Yanyalı Fehmi ne a Kadıköy, tun 1919, inda tukwane ke da yawa har sai ido ya ruɗe.

Vefa Bozacısı ba gidan abinci ba ne sosai, amma barinsa asara ce. A 1876 Hacı Sadık, mutumin Prizren, ya buɗe shagon boza a unguwar Vefa. Da gero ake yinta, da ruwa da sukari, a bar ta ta ɗan tsimu, ta fito da kauri da tsami-tsami kamar koko mai sanyi. Ana barbaɗa kirfa, a zuba leblebi, wani gasasshen wake mai kama da gurjiya da ake sayowa a shagon da ke tsallaken titi. Kofin da Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya sha da shi a 1937 yana nan a ajiye a bango. Abin sha ne na sanyi, daga kaka zuwa farkon bazara. Tun da tsimi ne, yana ɗauke da ɗan abin da tsimi ke haifarwa, kaɗan ƙwarai. Musulmin birnin suna sha, amma mai tsantseni ya san da wannan kafin ya karɓi kofi.

Maganar halal

Naman alade ba shi ne abin damuwa a irin waɗannan gidaje ba, kusan ba a ganinsa. Giya ce abin dubawa. Duk inda ka ga "meyhane", gidan shaye-shaye ne da ake haɗawa da abinci, kuma wasu daga cikin tsofaffin sunayen da ake yabo a jerin intanet irin wannan ne. Kalmar da kake nema ita ce "içkisiz" ko "alkolsüz", wato babu giya. Hacı Abdullah da Kanaat da Yanyalı Fehmi da gidan Selim Usta da gidajen waken Süleymaniye ba sa sayar da giya. Manyan gidajen nama da na kifi da yawa suna sayarwa, har da masu tsohon suna kamar Beyti na Florya, wanda Beyti Güler ya fara a 1945 kuma aka sa wa wani kebab sunansa. In za ka je da iyali ko da malami, ka tambaya tun a waya.

Yadda ake oda ba tare da ɓarna ba

A lokanta ba sai ka yi fama da takarda ba. Ka tashi ka je wurin tukwane, ka nuna da yatsa, ka koma ka zauna. Kalmar "az", wato kaɗan, tana ba ka kusan rabin faranti a farashi mai sauƙi: az çorba (miya), az pilav (shinkafa), az kuru (wake). Da ita mutum biyu za su ɗanɗana abu shida ba su bar saura ba. Gwargwado mai kyau ga mutum biyu: miya kaɗan-kaɗan, nama faranti ɗaya, kayan lambu ɗaya, shinkafa ɗaya, abin zaƙi ɗaya a raba.

Abubuwa uku sukan ba Bahaushe mamaki. Girkin da ake kira zeytinyağlı, kayan lambu da man zaitun, da sanyinsa ake ci. Kada ka mayar a ɗumama maka, haka aka yi shi. Ayran nono ne da gishiri, ba sukari. Barkono kuwa kusan babu a girkin Istanbul, sai dai jan garin da ke kan tebur, pul biber, wanda ba ya kai rabin zafin yajinmu. Ka fara cin loma biyu uku yadda aka kawo kafin ka barbaɗa, in ba haka ba duk gidajen za su zame maka ɗanɗano ɗaya.

Wajen kuɗi, tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashi a bakin ƙofa da kan tebur. In babu, alama ce mara kyau. Farashin da ka karanta a intanet wata shida da suka wuce kada ka dogara da shi, hauhawar farashi a ƙasar tana da sauri. In an ajiye maka abin da ba ka nema ba, ka tambaya "ikram mı?", wato kyauta ce? In ba kyauta ba ce kuma ba ka so, a ɗauke kafin ka taɓa. Kifi sau da yawa da nauyi ake sayarwa, don haka a auna a gabanka a faɗi kuɗin kafin ya hau wuta. Idan ka gama ka ce "hesap", hisabi ke nan, ka karanta layi-layi. Ana barin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ga mai hidima, da tsabar kuɗi. Ka riƙe lira a aljihu ko da kana da kati.

Ka tabbatar gidan yana nan

Tsofaffin gidaje suna mutuwa, jerin intanet kuwa ba ya yi musu jana'iza. Rejans, gidan girkin Rasha na Beyoğlu, ya rufe a 2011. An fitar da İnci, mai kayan zaƙi, daga shagonsa na titin İstiklal a ƙarshen 2012, ya koma wani lungu kusa. Lebon, shi ma mai kayan zaƙi, ya rufe a 2022. Kafin ka ɗauki hanya ka duba taswirar wayarka, ka karanta sharhin watan da ake ciki, ba mai yawan tauraro ba, musamman wanda aka rubuta da Turkanci; wayar za ta fassara maka. Ka duba ranar hutu: babbar kasuwar Kapalıçarşı ba ta ci ranar Lahadi, gidajen abincin cikinta da na 'yan kasuwar kewayenta ma haka. Da azumi gidajen da ba sa sayar da giya sukan cika maƙil lokacin buɗa-baki, wasu kuma farashi ɗaya suke yankewa na dukan tebur, sai an kama wuri tun da rana.

Haɗa su bisa unguwa

Gida biyu a rana sun isa, ɗaya na tukunya da rana, ɗaya na gashi ko kayan zaƙi da yamma. Cunkoson motocin birnin zai cinye maka yini in ka ce za ka bi suna ba unguwa ba, don haka ka sayi katin İstanbulkart, wanda ke aiki a tarago da jirgin ƙasa da bas da jirgin fito.

Mai masauki a Laleli ko Aksaray yana da sa'a. Süleymaniye da Vefa tafiyar ƙafa ce daga nan, ko da yake akwai hawa: ka yi azahar a masallacin, ka ci wake a gabansa, ka gangara Vefa cikin minti goma. Taragon T1 daga Laleli yana bi ta Sultanahmet, Sirkeci, Eminönü har Karaköy, wato Selim Usta da Hacı Bekir da Pandeli da Güllüoğlu duk a kan layi ɗaya suke. Kanaat kuwa daga Eminönü jirgin fito zai kai ka Üsküdar cikin kamar kwata awa, ko ka shiga jirgin ƙasa na Marmaray daga Sirkeci, tasha ɗaya ce ta ƙarƙashin teku, sannan tafiyar 'yan mintuna zuwa titin Selmanipak. In baklava za ka yi tsaraba, ka bar sayenta sai ranar tafiya, ka ce a ba ka "kuru baklava", mai ƙarancin ruwan sukari, wadda ke jure hanya. Kada ka sa ta a firiji in ka isa gida, sanyi yana daskarar da man shanun ya kashe ƙaras-ƙaras ɗin.